Fulawar Hajja da Harshena

Ranar da na kama aiki a wata gonar dabino a Zighan, maigida ya tambaye ni ko na san shuka. Da guntun Larabcina na ce masa a kan kunyar gero aka yanke mini cibi. Ban yi ƙarya ba. Wanda ya tashi a Madarunfa yana noman gero da wake da damina, yana ban ruwan albasa da rani, ai ba a yi masa wannan tambaya.

Zighan ɗan gari ne na dabino da rijiyoyi a arewa maso gabashin Sabha, a jere da Samnu da Tamanhint, kan tsohuwar hanyar da ayarin Tarabulus ke bi a da zuwa Murzuk da Barno. Shekara kan zagayo ba a ga ruwan saman da zai jiƙa rawani ba, da bazara kuma zafi ya haye maki 40. A irin wannan wuri ne Hajja, matar maigida, ta dawo daga Tarabulus da tukwane biyar na fulawar ganye, irin wadda ba a ajiye ta don fure ko 'ya'ya, ba a miya da ita. Babbar cikinsu, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, sunanta difinbakiya. Ta jera su a baranda, ta damƙa mini amanarsu, suka tafi Umra na mako uku.

Kwana biyu da tafiyarsu gibli ta taso, wato iskar nan ta kudu mai zafi da ƙura wadda ke busar da yawun baki. Da ta lafa na tarar da ganyayen sun nannaɗe kamar tabarmar makaranta bayan an tashi karatu. Na ce ƙishi ne. Na ɗora tiyon rijiya, safe da rana da magariba. Suka ƙara murɗewa, na ƙasa suka yi rawaya. Na ce to yunwa ce. Na ɗebo yuriya daga buhun gona, kowace tukunya cikin tafin hannu, yadda nake yi wa masara. Kafin Juma'a bakin kowane ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Na kwashe su zuwa falo, na ajiye daidai bakin mukayyif, na'urar sanyin nan, na ƙure ta. Da safe na same su sun takure kamar almajiri a hunturu.

Akwai guda mai zane-zane da ke ba ni haushi fiye da sauran. Da rana ta ɗan buɗe, da dare ta tattara ganyenta sama ta haɗe. Ita kam na ɗauko maƙalan shanya na kama mata ganye da kara, don ta koyi zama a miƙe.

Daga nan tunanina ya koma kan kambun baka. Wani ɗan Cadi da ke kiwon tumakin maƙwabta ya taɓa leƙowa ya yaba su bai ce tubarkalla ba. Na daina amsa sallamarsa har kwana huɗu, bawan Allah bai san laifinsa ba.

Sai na tuna dabarar kakana, wanda idan shuka ta rikice masa yakan tsinki ganye ya tauna, ya ce baki ya fi ido gani. Na karyi reshen difinbakiya na gatsa.

Jama'a, na sha barkonon tsire, na taɓa shan kunun da bai huce ba, amma wannan daban ne. Kamar an zuba mini allurai dubu a baki. Harshe ya kumbura ya cika baki, yawu na dalala har ƙirjin riga. Na ruga waje ina neman taimako, wanda na fara karo da shi kuwa ɗan Cadin nan ne. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito sai kukan tinkiya. Shi ya wanke mini baki, ya ɗura mini madara mai sanyi, ya sa ni a bayan mota zuwa asibiti, domin kumburin idan ya gangara maƙogwaro yana iya toshe numfashi. A can aka gaya mini ruwan jikin shukar cike yake da ƙananan tsinaye masu kaifi da ido ba ya gani, kuma saboda hana magana da take yi ne Turawa ke ce mata karan bebe.

Labari ya kai Sabha kafin harshena ya sace. Wani dattijo Badamagare da ya daɗe yana aiki a mashtal, inda ake renon shuke-shuke, ya biyo motar kayan lambu ya zo duba ni, ko in ce ya zo dariya. Da ya gama ya ce, "Yaro, kai ni in ga gawarwakin."

Ya cusa yatsa a ƙasar tukunya ya zaro shi da caɓi. Ya ɗaga, ashe tukunya biyu ce: ta roba mai huji a ciki, ta ado marar huji a waje, cike da ruwa mai warin kwata. Saiwoyin sun yi baƙi sun yi laushi.

"Baba, to ai alamar ƙishi suka nuna."

"Ƙishin suke ji, ɗana. Ganye yana naɗewa ne don ya rage ruwan da iska ke kwashe masa. Ranar gibli inuwa suke so da mafaka. Kai kuma ka nutsar da saiwa ta ruɓe, da wane baki za ta sha?"

Ya kankaro wani farin ɓawo a bakin tukunya ya nuna mini. Ruwan rijiyarmu da zartsi, yana bushewa ya bar gishiri, ni kuma na ƙara da yuriya, gishirin ya koma zuƙe ruwa daga saiwa. Dabino yana jure wannan, amma waɗannan 'yan dazuzzukan Amurka ta Kudu ne, inda inuwa da laima suka yi yawa. Sannan ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin wani ganye ya kaɗa shi. Wasu ɗige-ɗige ja suka zubo, suka fara tafiya. Jan gizo-gizo ne mai tsotse ganye ta ƙasa, ba abin da yake so irin zafi da ƙura.

Da ya iso kan mai maƙalan shanya sai ya zauna a ƙasa. Ya ce sunanta kalatiya, haɗe ganye da dare halinta ne, barci take yi.

Muka yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, muka sauya ƙasa, muka kwarara ruwa har ya fita ta huji ya tafi da gishirin. Muka wanke bayan ganye da ruwan sabulu tsararo, ya ce in maimaita bayan 'yan kwanaki saboda ƙwai. Ya hana taki, ya hana bakin mukayyif, ya hana ban ruwa sai yatsa ya shiga gaɓa ɗaya ya fito a bushe. Ruwan ma ba na rijiya ba, na tahliya, tataccen da ake saye a jarka. Haka na koma ina sayen ruwa da dinarina ina ba ganye, ni ina shan na rijiya.

Uku suka rayu. Hajja ta dawo ta ƙirga, ta dubi reshen difinbakiya mai shatin haƙora, ta tambaya ko akuya ce ta shigo. Ɗan Cadi yana tsaye a bakin ƙofa. Na dube shi, ya dube ni, ya ce eh, babba ce kuwa, daga Nijar.