Gyaran Gangar Auzinawa a Agogon Kawu

Kawuna bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba, amma shekara arba'in da ɗoriya yana ɗaure da agogon masu nutso a teku. Rolex Submariner ne, samfurin 5513, ya sayo shi a Jidda a hajjin 1981. A fuskarsa an rubuta yana jure zurfin mita 200, alhali iyakar ruwan da ya sani shi ne na butar alwala.

Da bikin autarsa ya matso, kuɗin kayan ɗaki suka gagara haɗuwa, sai ya aika aka kira ni.

"Kai ne ɗan bokonmu. Je ka gano mana nawa zai yi, kada 'yan kasuwa su yi mana sakiyar da ba ruwa."

Na karɓa da hannu biyu. Gilashin duk ƙarce, zoben nan mai juyawa ya koɗe daga baƙi ya koma ruwan toka, ɗige-ɗigen da ke haske da dare kuwa sun yi ja kamar haƙoran mai cin goro. Ni kuma cikin dillalan mota na tashi, a wurinmu ba a kai kaya kasuwa sai an wanke an fesa fenti. Sai na zarce Sabon Gari, wurin wani mai gyara da ke ƙarƙashin lema, da ɗan madubinsa maƙale a ido.

Ya juya agogon, ya dube ni. "Yallaɓai, ka tabbata?"

"Malam, yi aikinka. Kasuwa ba baƙuwata ba ce."

Ya goge jikin da inji har gefunan suka yi sulɓi, ya shafa wa ɗige-ɗigen farin fenti, ya ɓamɓare tsohon zoben ya jefa cikin gwangwanin madara, ya maƙala sabo fil. Agogo ya fito yana ɗaukar ido. Har tukwici na ba shi.

Da dare na kira wani Bakano da ke harkar agogo a Dubai, ta bidiyo. Ya sa na cire madaurin, na haska masa lambobin da ke ɓoye tsakanin ƙafafun agogon: ta samfuri wajen ƙarfe sha biyu, ta shaida wajen ƙarfe shida. Ya ce, "Masha Allah, na asali ne." Na gyara zama, na fara lissafin gado da kujeru. Ina juyo masa fuskar, sai na ji salati.

"Alhaji, wane mara tsoron Allah ne ya taɓa shi?"

Na ce ai yanzu mutane ba su da amana.

Nan ya karanta mini. Tun 1989 aka daina ƙera 5513, don haka masu tara irinsa tsufan suke saye. Jan nan sinadarin tiritiyam ne da ya rine da shekaru, ba a iya dawo da shi. Koɗaɗɗen zobe kuɗi ne, kaifin gefen da inji ya cinye ma kuɗi ne. Kasuwar kanta ta sauko tun bayan tashin gwauron zabin da ta yi a farkon 2022. Ya tambayi kwali da takarda. Kwalin yana nan, Hajiya, matar Kawu, na zuba allura da zare a ciki. Takardar an kunna risho da ita tun zamanin Shagari. Tayin da ya yi bai kai rabin abin da ya ce zai bayar da an bar shi da dauɗarsa ba.

Da sassafe na isa lemar ina haki. Mai gyara ya ga gumina, ya jawo gwangwanin kusa da ƙafarsa. Zoben Kawu, da na kawo da hannuna, sai da na fanshe shi da ninkin kuɗin gyaran.

Kawu da ya ga ƙyalli ya ce ya fasa sayarwa, ya kai sansa kara ya sayar, aka yi kayan ɗaki. Daga baya labari ya isa kunnensa ta bakin Hajiya. Bai ce mini uffan ba, sai dai ya gaya wa maigadi kada a sake bari na matsa kusa da tsohuwar Fijo 504 ɗinsa.