'Yan Dakon Kyau a Birnin New York

Dako, a ma'anarsa ta kasuwa, shi ne ɗaukar kayan wani domin a biya mutum lada, amma a birnin New York akwai wasu 'yan dako da kayan nasu ne, a jikinsu yake, kuma duk ƙorafin da suke yi na nauyinsa ba a taɓa jin wanda ya roƙi a sauke masa ba. Kayan nan shi ne kyan halitta, kuma maɗaukansa iri-iri ne.

Mafi yawansu masu kukan daɗi ne, wato waɗanda ke kai ƙarar ni'ima domin a tabbatar musu da cewa suna da ita. Mai irin wannan hali takan yini zaune a shagon kitson matan Afirka ta Yamma da ke titi na 125 a Harlem, makitsiya na fama da ciwon baya da na yatsu, sannan ta fito tana tsaki cewa mutanen garin nan sun cika kallo, alhali ranar da ba a kalle ta ba sai ta koma ta tuhumi makitsiyar. Bai kamata a haɗa ta da wadda ake takura wa da gaske ba, domin a 2014 an ɗauki hoton bidiyon wata mata tana tafiya ta awa 10 a titunan birnin, inda aka jefe ta da magana fiye da sau 100.

Akwai kuma mai ruwan ido, wadda yawan masu nema ya hana ta zaɓe. Marubuciya Edith Wharton ta zana irinta a littafin The House of Mirth na 1905, inda Lily Bart, son kowa ƙin wanda ya rasa, ta yi ta auna attajiran birnin har kasuwarta ta watse, ta koma ɗinkin huluna, ta mutu a ɗakin haya. A littattafan soyayya na Kano irin wannan yarinya, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya, takan sha kukanta ne a cikin mota mai sanyi, kuma da wuya marubuci ya bar ta ta kai ga ɗinkin hula.

Na uku shi ne mai gadi, wato mijin kyakkyawa, wanda ya yi zaton mata ya aura, ashe aikin tsaro ya ɗauka ba albashi. A watan Satumba na 1954 ɗan wasa Joe DiMaggio ya tsaya a titin Lexington yana kallon dandazon jama'a na shewa yayin da iska daga ƙarƙashin ƙasa ke ɗaga rigar matarsa Marilyn Monroe a wajen ɗaukar fim, kuma ba a ci wata guda ba aka ji batun rabuwa.

Maza ma ba su tsira ba, musamman ɗan kwalisar unguwar Bronx a ranar Sallah, wanda shaddarsa ta sha bugu har tana ɗaukar ido, saboda haka yakan yi tafiyar jirgi a tsaye, ga kujeru fanko, don kada ta yamutse. Masu tallan tufafi kuwa, da ke cika birnin kowane Fabrairu da Satumba, su ne kaɗai ke azumi ba niyya ba lada a garin da abinci ya yi wa yawa.

Wadda kayan suka danne da gaske ba ta cikin masu ƙorafin. Audrey Munson ita ce masu sassaƙa suka riƙa kwaikwayon surarta a farkon ƙarni na 20, har aka yi mata laƙabi da sunan Manhattan, kuma mutum-mutumin nan mai ruwan zinariya da ke ƙololuwar ginin hukumar birni siffarta ce. Da yayinta ya wuce aiki ya yanke, a 1931 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali a Ogdensburg, inda ta zauna har rasuwarta a 1996 tana da shekara 104.