Ayarin 'Yan Jakar Goyo

Wani sabon yayi ya shigo gari. A da in saurayi ya samu 'yan canji, waya yake sauyawa ko ya ɗinka shadda. Yanzu sai ya tara abokai uku, kowa ya sayi jakar goyo mai igiyoyi barkatai a wajen 'yan gwanjo, su sanar da dangi cewa za su fita ƙasar waje. Ƙasar wajen kuwa Kwatano ce. In kuɗi ya yi auki a zarce Lome, in ba a ɓata da juna a hanya ba a dangana da Akra. Ba laifi. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince da yarjejeniyar shige da fice, ɗan Najeriya na iya kwana 90 a waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba. Sai dai yarjejeniyar ba ta ce mutanen can za su wayi gari suna jin Hausa don kawai samarinmu sun zo ba.

Kowane ayari da muƙamansa. Akwai Madugu, wanda ya kawo shawarar, kuma duk iliminsa na tafiyar daga bidiyon YouTube ya samo shi. Akwai Ma'aji, mai riƙe da kuɗin taro, wanda za a daina yi wa magana kafin a dawo. Akwai Mai Hoto. Sai kuma babban jigo, Tafinta. An naɗa shi ne saboda ya taɓa yin Faransanci a ƙaramar sakandare, kuma abin da ya rage masa a ka bai wuce gaisuwar safe da ƙirgen ɗaya zuwa biyar ba. Shi ma ya san haka, amma wa ke ƙin sarauta?

Iyakar Seme ce ke fara yaudararsu. Ma'aikatan wajen da 'yan canji sun saba da 'yan Najeriya, suna ɗan taɓa Turancin kasuwa, sai a buga hatimi, a duba katin allurar shawara, a wuce lafiya. Nan take Madugu zai juyo ya ce, "Kun gani ko? Ai na faɗa muku yaren nan ba wani abu ba ne."

Gaskiya tana jiransu a bakin titin Kwatano, sanye da riga ruwan ɗorawa. 'Yan acaɓan garin ke nan, waɗanda ake kira zemijan. Tafinta zai matsa gaba ya yi gaisuwar nan tasa guda ɗaya, ya kuma yi ta da kyau, abin da ya jawo masa bala'i ke nan. Jin gaisuwa ta fita tsaf, sai ɗan acaɓa ya ɗauka ya samu ɗan gari, ya kwararo zance. Tafinta ya yi murmushi ya ce "wi". Aka sake tambaya, ya ce "wi". Abokai suka ce, "Me ya ce?" Ya ce, "Yana yi mana barka da zuwa ne." Alhali mutumin kuɗi ya faɗa, ya kuma ninka, Tafinta ya amince sau biyu.

A nan Madugu ke karɓe ragama da wata tsohuwar fasaha ta 'yan ƙasarmu: imanin cewa in ka ɗaga murya, ka ja Turanci a hankali, kana zare ido, to ya zama Faransanci. Da abin ya ƙi, sai a koma yatsu. Yatsa uku na iya zama sefa 300, yana iya zama 3,000, ba kuma a gane wanne ake nufi sai an sauka. Babura huɗu za su tashi, kowane fasinja ya faɗi sunan masaukin yadda harshensa ya iya, a wuni ana neman Mai Hoto.

Za ka ce ai akwai waya, akwai manhajar fassara. Haka ne, kuma da ita suka dogara tun daga gida. Amma layin Najeriya da ya tsallaka iyaka shan kuɗi yake babu bismilla, kafin la'asar data ta ƙare. Da dare kuma a masauki a tarar soket ɗin bangon mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar da aka taho da ita kuwa mai ƙafa uku ce irin ta Ingila. Haka ƙarti huɗu masu digiri za su zauna sun zuba wa bango ido. Sayen abin haɗi ba wuya, in ka san sunansa. Ma'aji zai tafi shago ya yi ta cusa yatsu biyu cikin tafin hannunsa yana nuna wa mai shago, har matar ta fara tunanin kiran maƙwabta.

Wajen abinci ne abin ya fi ban tausayi, domin nan imani ya shigo ciki. Yunwa ta ci ta cinye, ga tukwane a jere, ga tuwon masara da miya ja tana ƙamshi, amma naman fa? Ba wanda ya san yadda ake tambaya. Sai Madugu, ɗan gidan mutunci, wanda a unguwarsu ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ya tsaya gaban mai abinci ya tura hanci sama da yatsa yana gurnani, yana girgiza kai, wai yana tambaya ko naman alade ne. Yara su taru. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta amsa da kukan akuya. An fahimci juna, amma girma ya riga ya zube. Daga ranar sai a koma burodi da kifin gwangwani, safe da rana da dare, a kuma rubuta a Instagram cewa ana ɗanɗanar abincin ƙasashe.

Inda dariyata ke ɗan tsayawa shi ne garin Wida. Daga gaɓar nan aka yi ta lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka shekaru aru-aru, kuma a 1995 aka gina wata ƙofar tunawa a bakin teku, Ƙofar Ba Dawowa. Mai yi wa baƙi jagora zai tsaya yana bayani da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, yana nuna hanyar da aka bi da mutane cikin sarƙa. Samarinmu na gyaɗa kai. Da ya kai aya, Tafinta ya taƙaita musu: "Ya ce wajen tsoho ne." Sai a jeru a ƙarƙashin ƙofar, a ɗaga yatsu biyu, a saka hoton da taken ana shan iskar teku. A ɗakin mesa na garin kuwa, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya, ba a bukatar tafinta. Ihu yarensa ɗaya ne ko'ina. Haka a Ganbiye, garin da aka kafa bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, wanda kakannin mazaunansa suka shiga ruwa don tsere wa masu farautar bayi: abin da ayarin zai dawo da shi kawai shi ne an shiga kwalekwale, Ma'aji ya yi amai.

Ranar da wahala ta kai maƙura, wani zai ji kiran salla daga nesa, su bi sautin kamar 'yan tsaki sun ji kiran uwa, sai ga su a unguwar Zongo. Ga masu tsire, ga masu carbi da turare, ga Hausa tana tashi ta ko'ina. Mutanen da suka bar gida don su ga duniya, su ne za su kusa hawaye don sun ji an ce "sannunku da zuwa".

Zangon nan ba yau aka kafa irinsa ba. Fatake ne suka shuka su a kan hanyoyin kasuwanci, har zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake kai kanwa da tufafi a dawo da goro. Su ma ba da yaren kowa aka haife su ba. Amma bafatake in ya sauka, yana da maigida mai ba shi masauki, ya yi masa dillanci da tafinta, shi kuma ya zauna ya kasa kunne, don ya san in bai koyi ƙirgen mutane ba jarinsa ne zai yi kuka. Jikokinsa sun zo da waya mai kyamara uku, ba su iya tambayar hanyar banɗaki ba.

Wanda zai cece su kuwa mai shayi ne, mutumin Tawa ko Maraɗi. Irin mutumin da a gida suke kwaikwayon Hausarsa suna dariya, suna ce masa baƙauye. Ga shi nan yana zuba shayi, yana yi wa wannan Faransanci, ya juya ya yi wa wancan Zabarmanci, ya tsawata wa yaron maƙwabta da yaren Fon, sannan ya dube su ya ce, "Samari, daga ina?" Shi zai kira musu ɗan acaɓa na amana, ya gaya musu kuɗin mota zuwa iyakar Togo, ya rubuta musu sunan tasha a takarda. Da aka zo biyan kuɗin shayi ya ce ɗari. Ma'aji ya miƙa sefa 100 yana murna da araha. Mai shayi ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, dala ashirin ke nan ka ba ni." A lissafin mutanen Nijar dala sefa biyar ce, ɗari kuwa sefa 500. Ashe har a Hausar ma sai an yi musu fassara.

Sauran tafiyar gudu-gudu ce. A Lome su yi awa guda a tasha suna zagin direba ya makara, ba su san agogon Togo yana bayan na Najeriya da awa ɗaya ba. A Aflawo su tsallaka Gana, Madugu ya yi ajiyar zuciya an zo ƙasar Turanci, sai kwandastan mota ya tare shi da yaren Tuwi. A Akra su nemi unguwar Nima su ci wake da shinkafa su kwanta.

Sai dawowa. Sati biyu ba a jin kunne a majalisa. Wanda bai iya sayen caja ba yanzu ba ya cewa na gode sai "mersi", in ya yi tuntuɓe ma da Faransanci yake salati. Tafinta ya fi kowa, har ya fara cewa Hausa tana ɗan kakare masa. Ran nan da safe ya je teburin mai shayin unguwarsu, wanda shekara da shekaru suke tsokana, ya ɗaga murya don jama'a su ji, ya yi masa gaisuwar nan tasa guda ɗaya. Fuskar mai shayi ta washe. Ya ajiye buta, ya goge hannu, ya shiga zuba masa Faransanci tiryan-tiryan, yana tambayarsa hanya da masauki da yadda ya baro mutanen Zongo. Duk teburin aka yi tsit ana jiran amsa.

Tafinta ya ce, "Wi. A sa mini madara da yawa."