Shatan Teburin Mai Shayi

Ni dai ba na shan taba, ba na caca, ko goro sai an matsa mini nake ci. Ciwona guda ne: ba na iya ba da labarin ƙuruciyata sai na barbaɗa masa gishiri. Kuma gishirin nawa ba ya narkewa, taruwa yake yi shekara bisa shekara.

Ga asalin abin ba ƙari. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin Zuru tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanko Kebbi a 1991, ina ɗalibi a Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, wadda yanzu ta zama jami'ar tarayya. Akwai wani mai shayi da muke taruwa a teburinsa bayan sallar isha'i. Benci biyu ne, da fitilar ƙwai, da wata tsohuwar rikoda mai cin batir. A nan muka sha Shata da kalangansa, da Ɗanƙwairo da kotsonsa, da Ɗan Anace yana zuga Shago, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da Sani Ɗandawo na Yawuri. In batir ya mutu, sai wani abokinmu ɗan ƙasar Sakaba ya jawo gurminsa daga cikin buhu ya kama kiɗa, sauran su yi masa amshi. Iyakar gaskiyar ke nan.

Da na kama aiki a Kaduna sai labarin ya fara ƙiba. Da farko cewa nake yi ina cikin 'yan amshi. Da na yi aure na zama mai ba da waƙar. Kafin yara su yi wayo, gurmin ma ya dawo hannuna. Ranar da Shata ya rasu, a watan Yunin 1999, na yini a ofis na haɗa tagumi, har wani abokin aiki ya zo ya yi mini ta'aziyya a matsayina na ɗan sana'a. Na karɓa, na ce masa sai haƙuri. Zuwa 2015 da Ɗan Maraya ya bi shi, labarin ya kai inda mutanen gari ke tare titi don su ji ni, kuma saura ƙiris a kai ni gidan rediyon Rima da ke Sakkwato, mahaifina ne ya hana. Allah ya jiƙan tsoho, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa jin wannan zance ba.

Ana nan sai ga waya daga mai gurmi. Zai aurar da 'yarsa a Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba, kuma ya bi diddigin duk waɗanda suka rage daga teburin nan, yana so mu haɗu. Nan take na fake da tsaro. Ba ƙarya na shirga ba, yankin ya ga masifar 'yan bindiga, kuma ba wanda ya manta watan Maris na 2022 da aka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a ƙasar Sakaba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To mutumina, mu da muke kwana a nan, muke noma a nan fa?" Na rasa ta cewa. A zuciyata kuwa na san ba hanya kaɗai nake tsoro ba. Shaidu nake tsoro. Ina cikin laluben wani uzurin sai babban ɗana ya ce, "Baba, ni zan tuƙa ka. Na daɗe ina son ganin waɗanda ka yi wa waƙa."

Haka muka bi ta Kontagora da Rijau, yana ta tambayoyi, ina ta duba agogo.

Ban ma gama fitowa daga mota ba wani mai furfura ya ƙwala ihu daga ƙarƙashin rumfa: "Jama'a, ga Biro ya iso!" Aka kwashe da dariya, aka rungume ni. Yaron ya ce, "Kawu, wane ne Biro?" Suka yi masa bayani dalla-dalla, kowa na neman lada. Wai aikina a teburin shi ne in zura biro a ramin kaset in yi ta juyawa don kada rikoda ta cinye batir wajen mayar da waƙa baya. Da rana kuma ni ke shanya batura a kan kwano. Amshi kuwa an gwada ni sau ɗaya, mai shayi ya ce in na sake zai ƙara mini kuɗin madara.

Na yi dariyar yaƙe, na ce ai ƙuruciya ce. Sai wani abokinmu Badakkare, wanda ya bar aikin gona ya shiga soja kamar samarin ƙasar Zuru da yawa, ya tuna cewa na bar makaranta da bashin shayi da burodi na zango guda, kuma shi ya biya don kada a ce ɗan teburinmu ya gudu da haƙƙin mai shayi. Na zaro kuɗi da sauri don in rufe bakin zancen. Ya ce a'a, a lissafa da farashin burodin yau. Aka kafa kwamiti nan take, har da ma'aji.

Don in farfaɗo da martabata sai na jawo zancen ilimi. Na gyara zama na ce duk ƙasar Hausa Shata kaɗai ke da waƙar da ake kira Bakandamiya. Wani ya ce Narambaɗa ma yana da tasa. Na rantse ba haka ba ne, na ce su bar wa masu abin abinsu. Ɗan da na haifa, na biya masa kuɗin makaranta, shi ya latsa wayarsa ya samo ta Narambaɗa, ya ƙure murya don kowa ya ji.

Bayan la'asar mai gida ya shiga ɗaki ya fito da gurmin, ƙura duk ta rufe ƙwaryar. Ya ɗaure tsirkiya, ya miƙo mini da hannu biyu, fuskarsa ba alamar wasa: "Ɗanka ya ce kai ne gwaninmu. Bismillah." Na karɓa, na juya shi, na sake juyawa. Na ce sanyin ƙashi ya kama mini yatsu tun bara. Sojan ya ce, "Ku ƙyale shi, yatsun biro ne."

Sai mai abu ya karɓi abinsa. Da ya taɓa tsirkiya rumfar ta yi tsit, can kuma dattawa masu hawan jini suka kama amshi da muryoyin da suka dushe. Ni na ja bakina na rufe, don na san farashin madara. Amma abin da na lura da shi daban ne: 'ya'yan mutumin nan sun fito ƙofar gida sun saki baki. Ashe ba su taɓa sanin ubansu yana kiɗa ba. Da na tambaye shi daga baya, ya ce lokacin da ya je neman aure dangin matar sun yi ta bincike ko maroƙi ne, shi ya sa ya rataye gurmin ya rungumi aikin malamin gona. Mai baiwar ya ɓoye ta fiye da shekara talatin, ni da ba ni da ko ɗigo na yi ta yawo da ita ofis-ofis. Na samu damar yin haka ne don kowa ya san ni ma'aikaci ne mai albashi, ba wanda zai hana 'ya'yana aure saboda waƙar da ban taɓa yi ba. Mukan cika mota da muryar Shata, mu yi liƙi a gidan biki, amma a ce makaɗi ya aiko neman 'yar gidanmu, sai a ga an fara gyaran murya.

Da dare ya yi na ɗan samu sauƙi, don na gano ba ni kaɗai ke da ciwon ba. Mutum uku suka rantse cewa rikodar nan tasu ce. Sojan ya ba da labarin yadda ya kayar da ƙato a kokawar bikin Uhola, sai aka tuna masa cewa shi ke riƙe wa 'yan kokawa riguna. Na fi kowa ƙarfin dariya, har da buga ƙafa.

A hanyar dawowa yaron bai ce uffan ba sai da muka wuce Rijau. Sannan ya ce, "Baba, in Mama ta tambaye ni yadda aka yi, me zan ce?" Na sa ya tsaya a Kontagora na saya masa tsire mai yawa, muka fahimci juna.

Ranar Litinin a ofis aka tambaye ni labarin biki. Na ce an yi lafiya, tsofaffin abokai sun taru, har sun kawo mini gurmi sun matsa sai na kaɗa, amma na ce a'a, girma ya zo, a bar wa na baya.