Wanda Zai Kwana Uku a Riga

Bahaushe idan ya shiga shagon turare a Jidda, tambaya ɗaya ce a bakinsa: "Yana kama jiki?" Ko ƙamshin ya dace da shi, wannan ba matsalarsa ba ce. Burinsa ya shafa ranar Juma'a, maƙwabta su yi ta atishawa har Litinin.

Je ka Balad, tsohon garin nan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Baƙi na ɗaga kai suna kallon tagogin katako na Gidan Nasif, mu kuwa muna Kasuwar Alawi mun miƙa hannu. Mai shago ya daɗe da haddace Hausar ciniki: "Alhaji, zo, akwai araha!" Ya goga masa ɗaya a bayan hannu, ɗaya a gemu, ɗaya a hula, ɗaya a wuyan riga. Hanci dai bayan ƙamshi uku ko huɗu yake gajiya, don haka kafin a kai na shida na Alhaji ya yi murabus. Sai ido ya karɓi aiki, a ɗauko kwalbar da ta fi ƙyalli, mai akwati kamar za a kai lefe.

Alhali turare hawa-hawa ne. Abin da ka fara ji, mai kama da ɓawon lemo, cikin minti 15 ya yi gaba. Sai na furanni ya biyo baya. Na ƙasa, wato ud da almiski da sandal da ambar, shi zai kwana da kai. Mai haƙuri yakan shafa, ya je ya yi La'asar, ya sake shinshinawa kafin ya ciro kuɗi. Ina Alhaji ina wannan? Motar filin jirgi na ta hon, ga dabino bai saya ba.

Hajiya kuma girman kwalba take bi. Wanda aka rubuta Parfum a jikinsa, man turaren ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Mai Eau de Toilette kuwa kashi 5 ne zuwa 15. Ta rungumo na biyun tunda ya fi cika hannu, ta sauka Kano tana faɗin Larabawa sun yi mata wayo, kafin ta isa gidan biki ƙamshin ya riga ta komawa gida.

Babban abin dariyar yana wajen ud. Itacensa a dazukan Asam ta Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu yake fitowa, kuma sai itacen ya yi ciwo yake tara baƙin ƙaron nan mai ƙamshi. Da tola ake auna mansa, wajen giram 12, mai kyau kuwa yana cin dubban riyal. Amma ga Alhaji da dozin guda a leda, kowace kwalba riyal 10, yana rantsuwa na asali ne, wai mai shagon abokinsa ne. Sun san juna tun bayan Azahar.

A gida ake gane matsayin kowa. Surukai su ne na akwati. Abokai a ba su ɗan Al-Rehab mai murzawa. 'Yan unguwa kuwa a ɗiga musu a tafin hannu, su shafa a fuska suna "Allah Ya maimaita". Wanda ya samu na akwatin ba zai taɓa buɗewa ba. Zai jera shi a gaban mota, ranar Afrilu ta dafa shi har ya canza launi.

Juma'ar farko bayan dawowar alhazai, ka lura da sahun gaba. Mutum bakwai, ud bakwai, kowa ya juye rabin kwalba don a san ya je. Liman yana hawa mumbari zai ce a buɗe tagogi, jama'a su ɗauka zafi ne ya dame shi.