Masu Murɗa Ampli a Damagaram

Bayan kowace ampli ta mota akwai 'yan ƙananan maɓallai guda uku ko huɗu, waɗanda sai da sukudireba ake juya su. A kan waɗannan 'yan abubuwa ake gane halin mutum a Zinder, daga rumfunan masu gyaran rediyo na kusa da kasuwar Dole har zuwa garejin Sabon Gari.

Biyu ne manyansu. Na farko gen, wanda aikinsa daidaita ampli da ƙarfin da rediyon mota ke turo mata, yawanci bolt 2 zuwa 4. Na biyu kurosoba, mai raba murya. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, tambari na da aikinsa, algaita na da nata, ba mai shiga gonar wani. Haka kurosoba ke yi: gurnani ya tafi ga babban bafil na but, siririyar murya ta tafi ga ƙananan lasifikokin ƙofa. Galibi a kan haz 80 ake sa iyakar. Wannan ke nan a ƙa'ida. Ga abin da jama'a ke yi.

Na ɗaya, Ƙure-Shi. Shi a wurinsa gen maɓallin ƙara ne, kuma barinsa a tsakiya asarar kuɗi ce. "Maigida, ai kuɗi na biya cikakke, murɗa shi har ya tsaya." Mai gyara ya yi masa bayani cewa in ampli ta kai iyakarta sai ta riƙa yanke kan sautin, waya ta cikin bafil ta yi zafi ta ƙone. Ƙure-Shi ya gyaɗa kai, ya fita, kafin ya kai Zengo ya tsaya ya ƙure abinsa. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Bayan sati sai ga shi da ƙauri a mota, yana rantsuwa jabun bafil aka sayar masa.

Na biyu, Mai Imani da Kwali. Ya sayo ampli daga Kano, an rubuta wat 3000 a jikin kwali da jan fenti. Ba ya duba ƙaramin rubutun RMS, wanda shi ne ƙarfin gaskiya. Ga fis ɗin amfiya 30 a jikinta, batirin mota kuwa bolt 12 ne, lissafin duka bai kai wat 400 ba. Ka faɗa masa haka, ya ce hassada ce.

Na uku, Kunnen Zinariya. Wannan ba ya yarda da na'ura. Zai rufe ido, ya ɗaga yatsa: "Ƙara kaɗan. Rage. Yawwa, nan!" Matsalar ita ce shekara da shekaru yana zaune gaban bafil a gidajen biki, sai ka kira sunansa sau uku kafin ya waiwayo. Abin da ya ji daidai, maƙwabta su ke biyan kuɗinsa da barcinsu.

Na huɗu, Malam Mita, ɗan jami'ar da ya sha karatu a YouTube. Shi kam ya san aikin. Yana kashe duk wani ƙarin bas, ya kai rediyo kashi uku cikin huɗu, ya cire wayar bafil, ya kunna sautin gwaji na haz 50, ya ɗora mita. In ampli wat 200 ce a kan om 4, zai murɗa gen har mita ta nuna kusan bolt 28, ya tsaya. Gaskiya ce tsantsa. Illa dai ba a taɓa jin waƙa a motarsa ba. Ka shiga ya rage maka hanya zuwa Mirriya, sautin gwaji za ka sha har ku isa, yana tambayarka ko ka ji tsafta.

Na biyar, Abokin Ango. Shi ba ruwansa da gen, maɓallin ƙarin bas ne masoyinsa. Bai san ƙarin desibel 6 na neman ƙarfi ninki huɗu daga ampli ba. Ranar ɗaukar amarya ya sa Hamisu Breaker, fitilun mota na lumshewa da kowane bugu, lambar mota na karkarwa, kurosoba kuwa a buɗe, ƙananan lasifikokin ƙofa na kokawa da gurnanin da ba nasu ba. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ampli a rufe cikin but. Daidai ƙofar gidan ango ta kashe kanta. Amarya ta shiga da guɗar tsofaffi kawai, kamar zamanin Sarki Tanimun.

Na shida, Alhaji Mai Tafsiri. Ya sayi mota 'yar Kwatano, ya tarar da ampli da bafil a ciki, gadon wani saurayin Turai. Shi ba ya jin komai sai karatu da labaran BBC. Mai gyara ya ce, "Alhaji, a rage LPF na kurosoba, muryar malam ta dawo gaba." Alhaji ya ce kada a taɓa komai, haka Bature ya bar ta. Don haka in malam ya yi gyaran murya, sai gilashi ya amsa, yara a kujerar baya su tuba nan take.

Na bakwai, Taɓa-Ka-Gani. Ba shi da mota. Ƙanin mai mota ne, ko abokin fada, wanda ke samun makulli ranar wanki. Minti biyar sun ishe shi ya mai da HPF na kurosoba ya koma LPF, ya juya duk abin da ke juyuwa. In an tambaya, "Wallahi yaya, ƙura kawai na goge."

Shi kuwa mai gyara ya daina gardama tuntuni. Yana saita gen daidai, ya sa kurosoba a 80, ya ɗiga jan farce a kan kowane maɓalli don ya gane in an taɓa, ya karɓi jikarsa biyu. Ya san bakwai ɗin nan duk za su dawo, shi ya sa ma ya ƙara da sayar da bafil.