Mutum Bakwai da Ba a Rasa Su a Wurin Gayya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san da ruwan Yuli ya zauna, ciyawa ta fara tsere da gero, sai a soma raba goron gayya. Mai gona ya tanadi fura da tuwo da makaɗi, jama'a su zo da ƙarfinsu, ba a biyan kowa ko sisi. Na sha gayya tun daga ƙauyukan Rimaye har zuwa na Yashe. Gonaki sun bambanta, amma mutanen su ke nan.

Na farko Sarkin Cika-baki. Ga layu a damtse, ga tafiya kamar jiya Hakimin Kankiya ya naɗa shi Sarkin Noma. Da mai gangar noma ya kaɗa takensa sai kururuwa da kirari, har ya jefa hauya sama ya cafe. Kunya biyu zai yi, tsohon ciwon bayansa ya tashi.

Na biyu Mai Gyaran Ƙota. Hauyarsa ba ta taɓa lafiya ba. Sara uku, ruwan hauya ya zare, sai inuwa, ana ta ƙwanƙwasa har azahar. Bai taɓa kuskuren zama gindin gawo ba, don ya san da damina ba shi da ganye. Tsamiya yake nema.

Na uku Ɗan Gayyar Soɗi. Ba wanda ya ba shi goro. Da 'yan mata sun ɓullo da ƙorai a ka, sai ga shi daga cikin dawar maƙwabta, ya shafa ƙasa a gwiwa, yana haki yana cewa, "Kai, yau mun sha aiki!" Hauya ya manta ta a gida, amma ludayinsa na aljihu.

Na huɗu Mai Neman Aure. Gonar surukai ce, don haka kunya biyu ke gabansa: wadda yake nomewa da wadda yake ji. Yarinya na isowa sai ya zama ingarma, ido na wajenta, hauya na sare gero ana barin ciyawa. A miƙa masa fura ya ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake," alhali cikinsa na amsa ganga.

Na biyar Baba Na-da. Ya dogara sanda a bakin gona, ba kunyar da ta yi masa daidai. A wurinsa, tun da aka cire Katsina daga Jihar Kaduna a 1987 ba a sake haihuwar manomi ba. Tsaran nasa kuwa sun ce shi ne mai gyaran ƙotar zamaninsu.

Na shida Ɗan Birni. Ya sauko daga motar Kano da farin takalmi. A ara masa hauya, ya duƙa, a ɗauki hoto, ya mayar. Kafin la'asar Facebook ya san shi babban manomi ne. Shawararsa ɗaya: "Me ya sa ba ku yi feshi ba?"

Na bakwai ba shi da take, ba shi da kirari. Da hantsi ya duƙa, ba ya ɗagowa sai salla. Shi ke bin bayan Mai Neman Aure yana gyara ɓarna, kuma kafin ya iso ƙwarya saura ruwa-ruwa. Rabin gonar shi ya nome ta.

Yanzu maganin feshi da garmar shanu da 'yan ƙwadago sun rage gayya, amma inda ake yin ta dokarta na nan: bashi ce, kuma ƙauye ba ya mantuwa. Ran da na bakwai ya raba goro, gonarsa ba masaka tsinke. Ran da Mai Gyaran Ƙota ya raba nasa kuwa, ko makaɗi sai ya ce gangarsa ta fashe, gona ta koma Gidan Mutum Ɗaya. Don haka mai karatu, in an ba ka goro bana, ka gyara ƙotarka tun a gida.